LifeStraw a mizani: bututun tace ruwa da yaƙin kurkunu ya haifar

Masu shirin ko-ta-kwana a Amurka da Turai suna da wata ɗabi'a da ta cancanci aro. Suna riƙe ranakun tarihi, ranar da wani bala'i ya auku ko ranar haihuwar wanda ya gano lagon wata annoba, su mayar da su ranakun duba kaya. A sauko da jakar gaggawa, a zazzage ta, a canza batir, a zubar da abin da ya lalace. A Amurka, tun 2004 hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta keɓe watan Satumba gaba ɗayansa don wannan aiki, shekara uku bayan harin 11 ga Satumba. In aka zazzage irin waɗannan jakunkuna, da wuya a rasa wani shuɗin bututun roba mai suna LifeStraw. Ana samunsa a shagunan intanet, kuma masu talla na cewa da shi za ka sha kowane irin ruwa ka kwana lafiya. Ba haka abin yake ba. Kaya ne na ƙwarai ga mutum ɗaya da hanya ta ritsa da shi, amma ba zai riƙe gida ba, kuma akwai cututtukan da suke ratsa shi kamar babu shi.

Ranar da masu harkar ruwa suka fi ambata ita ce 8 ga Satumba, 1854. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum 616. Likitocin lokacin sun tafi a kan cewa mummunan wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow, wanda aka haifa 15 ga Maris, 1813, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu famfon titin Broad Street suke sha. Ya shawo kan hukumar unguwar, aka cire hannun famfon a wannan rana. Abin lura shi ne mutane sun fi son ruwan wannan famfo, har daga nesa ake aikowa a ɗebo. Kyan ruwa a ido da daɗinsa a baki ba shaidar lafiyarsa ba ne, kuma duk wata matata da ake sayarwa yau a kan wannan take tsaye.

Ranar da ta fi kusa da LifeStraw kansa ita ce 1 ga Oktoba, wadda mu a Najeriya muka sani da ranar samun 'yanci. Ita ce kuma ranar haihuwar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a 1924, wanda ya rasu 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. A 1986 cibiyarsa ta ɗaura yaƙi da kurkunu, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi na fama da shi a ƙasashe 21. Najeriya kaɗai an ƙirga sama da mutum 650,000 a binciken farko na ƙarshen shekarun 1980. Dattawan ƙauye ba sa bukatar bayani: ƙafa ta yi bororo mai raɗaɗi, tsutsa fara mai kai tsawon mita ta leƙo, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, kuma sau da yawa a tsakiyar aikin gona. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Ana ɗaukarsa ta shan ruwan tafki mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar, sai bayan kusan shekara ta fito. Don haka hanyar kare kai ita ce tacewa.

A nan kamfanin Vestergaard Frandsen ya shigo, kamfanin nan da aka kafa a Denmark, mai yin gidan sauro na PermaNet. A 1994 Cibiyar Carter ta nemi ya ƙera mata matata, ya fara da ƙyallen tace ruwa, a 1999 ya fito da ɗan bututun roba mai raga a gindi wanda manomi ko makiyayi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi a daji. Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka a kan wannan aiki. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Najeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013, Ghana a 2015. Chadi har yanzu tana fama, musamman a jikin karnuka. Wancan bututun wuya shi ne kakan LifeStraw, wanda ya fito a 2005 da niyyar tare har ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Samfurin da muke magana a kai shi ne na mutum ɗaya, mafi araha, wanda a Amurka bai cika wuce dala 20 ba. Tsawonsa kusan santimita 22, kaurinsa kusan 3, nauyinsa bai kai giram 50 ba. Murfi a sama, murfi a ƙasa, da igiyar ratayawa. Babu batir, babu abin juyawa, babu abin da ake canzawa. Na farko-farko suna da sinadarin aidin mai kashe ƙwayoyin cuta a ciki, na yanzu babu wani sinadari. In ka buɗe murfin ƙasa ka leƙa, za ka ga damin wasu fararen zaruruwa a cunkushe kamar ɗanyar taliya. Kowane zare yana da rami a cikinsa, bangonsa kuma cike da ƙofofin da ba su wuce maikiron 0.2 ba. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kai yana kai maikiron 70. In ka zuƙa, ruwa ya ratsa bangon zaren, duk abin da ya fi ƙofar girma ya tsaya a waje.

Da wannan adadi na 0.2 kaɗai mutum zai gane abin da bututun ke iyawa. Ƙwayar kwalara bakteriya ce, kaurinta kusan rabin maikiron, tsawonta ya haura ɗaya da rabi. Ta taifod ta ɗan fi ta. Ƙwan amiba mai kawo atini yana tsakanin maikiron 10 zuwa 20, na jiyadiya 8 zuwa 12, na kiriftosforidiyam 4 zuwa 6, su biyun ƙwayoyi ne masu kawo gudawa. Duk waɗannan ba za su wuce ba, balle mai ɗauke da kurkunu da raga ma ke tarewa. Kamfanin ya rubuta cewa yana tare kashi 99.999999 cikin 100 na bakteriya da 99.999 na irin waɗancan ƙwayayen, kuma yana tace lita 4,000 kafin ya toshe. In mutum yana shan lita 3 a rana, lissafi ya haura shekara uku da rabi. Wannan da ruwa garai-garai ne. Da ruwan kududdufin damina kada ka sa rai da ko kusa da haka.

Abin da ba ya iyawa shi ne ya fi muhimmanci a sani, don a nan mutum ke cutuwa yana ganin ya tsira.

Bairos, wato nau'in ƙwayar cutar da bai kai bakteriya girma ba, ya fi ƙofar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na ciwon hanta nau'in A da nau'in E, da na shan inna, duk wajen maikiron 0.03 suke, na rota mai sa jarirai gudawa kusan 0.07. A dazukan Amurka inda 'yan yawon shaƙatawa ke amfani da bututun, bairos a ruwa ba babbar damuwa ba ce, domin ba mutane a saman rafin. A wurin da masai ya haɗu da rijiya, labari ya sha bamban. A watan Afrilun 2017 Nijar ta ayyana ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar Diffa, cikin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, kuma yawancin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. Ga irin wannan ruwa LifeStraw na mutum ɗaya bai isa ba. Haka ruwan ambaliya. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwan ya bi ta masai, ta kwatoci, ta kasuwa, ta garejin kanikawa, kuma a farkon Oktoba jihar Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Bututun zai tare kwalarar, amma bairos da fetur da baƙin mai da maganin feshin da ruwan ya kwaso daga shaguna duk za su iso bakinka.

Domin duk abin da ya narke a ruwa wucewa yake yi. Ruwan zartsi zai fito da zartsinsa, mai kanwa da kanwarsa, mai wari da warinsa, tunda wannan samfuri babu gawayi a cikinsa. Ruwan da masana'antun jima da rini ke saki ba a tunkararsa da shi. Dalma ma haka. Gubar dalmar da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta kashe yara sama da 400, mafi yawa ta hanyar ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida, kuma tafkunan da ake wanke dutsen sun gurɓata. A irin wannan yanki tafasawa ma ba ta fitar da dalma, sai dai a sauya wurin ɗiban ruwa.

Akwai kuma tsargiya, wadda masu talla ba sa tunawa da ita. Hoton da aka fi nunawa shi ne mutum ya yi rub-da-ciki a bakin tafki, ya dafa hannuwa cikin ruwa yana zuƙa. Tsutsar tsargiya ta fata take shiga. Bakinka yana bayan matata, hannunka da gwiwarka suna cikin ruwan. Ɗebo da moɗa ko gwangwani mai faɗin baki, ka koma tudu ka tsoma bututun a ciki.

Amfani da shi yana da ƙa'ida, kuma yawancin masu cewa nasu bai yi ba a nan suka kuskure. Buɗe murfin sama da na ƙasa. Tsayar da gindin a cikin ruwa kamar sakan 20 don zaruruwan su jiƙa. Sannan ka yi zuƙa biyar gajeru da sauri. Na farkon iska kawai za ka ji, har kumatu su gaji, sai ruwan ya taso, daga nan ya saki. Da ka gama sha, hura iska da ƙarfi ta bakin, ruwan da ya rage ya fita ta ƙasa da dattin da ya maƙale, ka kaɗa shi sau da yawa. Wanda ya bar wannan hurawar, lakar za ta bushe a jikin zaruruwa ta toshe ƙofofin, gobe ya yi ta ja ba abin da zai zo. Idan ana tsakiyar sha ya yi tauri, hura, ka sake zuƙa. Kula da bakin sama: hannun da ya taɓa ruwan tafki kada ya taɓa shi, kuma kada a jefa bututun cikin jaka murfin sama a buɗe gindin yana ɗiga.

Ruwa mai laka shi ne babban makashinsa, don haka a rage masa aiki tun kafin ya fara. A bar ruwan ya kwanta, ko a kaɗa ɗan alimun a ciki. In babu, 'ya'yan zogale busassu suna yi: a ɓare, a daka farin cikin ya yi laushi, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ko biyu gwargwadon kaurin lakar, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya da sauri sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Sai a tsiyaye na saman ta cikin tsohon ƙyallen auduga da aka ninka huɗu. Wannan ƙyalle kada a raina shi. Binciken da Rita Colwell ta jagoranta a ƙauyukan Bangaladash, wanda aka buga a 2003, ya nuna tacewa da tsohon zanen mata mai ninki huɗu ta rage kwalara da kusan rabi, domin ƙwayar cutar tana maƙale a jikin ƙananan halittun da ƙyallen ke tarewa. Ruwan zogale dai ba a ajiye shi ya kwana biyu, garin da ya rage a ciki abinci ne ga bakteriya.

Babban aibin wannan samfuri a wurinmu shi ne ba ya ba ka ruwa a kofi. Ruwan da ya tace cikin bakinka kawai yake zuwa. Jariri ba zai iya zuƙa ba, ƙaramin yaro da tsoho mai rauni da ƙyar, wanda gudawa ta kayar kuwa ba shi da ƙarfin ja. Ba za a dama wa yaro koko da shi ba, ba za a wanke kwano ko ganye ba. Kuma abin da ke ceton mai amai da gudawa shi ne ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Likitan Indiya Dilip Mahalanabis, wanda aka haifa 12 ga Nuwamba, 1934, shi ya nuna wa duniya ƙarfin wannan haɗi a 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare masa, ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su haɗin da baki, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A ranar da gida ya fi bukatar wannan lita ɗaya, bututun wuya ba zai samar da ita ba. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce lita 15 ga kowane mutum a rana don sha da girki da tsabta. Gida mai mutum takwas lita 120 ke nan, jarka shida masu lita 20.

Saboda haka wanda zai saya don iyali ya duba wani wuri. Kamfanin da kansa yana da LifeStraw Family, wanda ake ratayewa a zuba ruwa a sama ya gangaro da kansa. Ƙofofinsa maikiron 0.02 ne, yana tare bairos, an rubuta masa lita 18,000. Akwai babbansa, Community, na makarantu da ɗakunan shan magani. Ga mai tafiya kuwa, jerin Peak da suka fito a 2022 sun gyara wannan aibi, domin gindinsu yana ɗauruwa a bakin gorar ruwa ta roba, a matsa ruwan ya zubo a kofi. Sawyer Mini, matatar wani kamfanin daban, ma haka take: ƙofofinta maikiron 0.1, tana zuwa da sirinjin wanke ta ta baya, abin da ke sa ta daɗe a ruwa mai datti fiye da wadda ake hurawa da baki. Ita ma ba ta tare bairos. Da za a ba mu zaɓin guda ɗaya a jakar gaggawa, mai ɗauruwa a gora za mu ɗauka, ko da ta fi tsada.

Ko wanne aka saya, a haɗa shi da kulorin, don kowannensu yana rufe ɓarakar ɗan'uwansa. Kulorin yana kashe bairos da bakteriya amma ba ya iya wa kiriftosforidiyam, matata tana tare wannan amma bairos ya wuce ta. Ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 tana yi wa jarka mai lita 20 ta ruwa garai-garai, biyu in ruwan yana da laka, a rufe a jira minti 30. Da bututun mutum ɗaya, sai a fara sa kulorin a mazubin, a jira, sannan a zuƙa. In akwai itace ko gas, tafasawa ta fi duka: ruwan ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. In babu ko ɗaya, gorar roba fara tas wadda ba ta wuce lita biyu ba, a cika ta da ruwa marar laka a kwantar a kan kwanon rufi awa shida cikin rana mai ƙarfi, kwana biyu in da hadari.

Wajen ajiya, sabon da ba a taɓa jiƙawa ba yana daɗewa matuƙar yana cikin ledarsa a inuwa. Kada a bar shi a gaban mota rana tana dukansa. Wanda aka riga aka yi amfani da shi kuma za a ajiye fiye da wata ɗaya, kamfanin ya ba da shawarar a wanke shi a tsoma cikin ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a rufe. Gishirin yana hana fumfuna, danshin yana hana zaruruwan bushewa har su ƙi karɓar ruwa. In an fito da shi a zubar da kurɓin farko. Firiza kuwa kashe shi take yi: ruwan da ke cikin zaren ya daskare ya kumbura ya tsaga bangon, daga waje ba a ganin komai. Faɗuwa a kan siminti ma tana iya yin haka. Alamar ita ce ruwa ya fara zuwa da sauƙi fiye da yadda aka saba, ko a ji yashi-yashi a baki. Wanda ya toshe ya ƙi ba da ruwa ba shi da haɗari, haka aka gina shi ya mutu. Wanda ya tsage yana ba da ruwa salin-alin shi ne abin tsoro, a jefar da shi.

Jabu ma abin kula ne, tunda shuɗiyar roba ba ta da wuyar kwaikwayo, kuma mai saye ba shi da hanyar auna maikiron a gida. A nemi wanda ke cikin ledarsa a liƙe da takardar bayani, rubutun jiki bai dagule ba, zaruruwan ciki farare a jere ba soso ko auduga ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran masu sayarwa dalili ne na barinsa.

Ranakun dubawa biyu sun wadatar a yankinmu. Ta farko 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya da ake yi tun 1993, mako guda bayan ranar haihuwar Snow. Ta faɗo a farkon bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, mutane suna komawa ga ragowar tafki, kuma da sauran lokaci kafin ruwan sama ya sauka. A ranar a gwada bututun da ruwa mai tsabta, a duba kwanan watan da ke jikin Aquatabs da ledojin gishiri da sukari, a wanke jarkoki a sake cikawa. Ta biyu kuma ga Amurkawa Satumba ce, amma a nan Satumba lokacin aukuwar abin ne, madatsu sun cika, ƙasa ta ƙoshi. A matso da ita farkon Agusta, a ɗaga jakar daga ƙasa a rataye ta kusa da ƙofa, da moɗa da ƙyallen tacewa da gorar roba biyu a cikinta.